Daga Tawa zuwa bakin teku da jika 200: kuɗin sun isa?

Mushe Rabi'u: Assalamu alaikum jama'ar Adar na gida da na waje. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanyar kurmi, wato ƙasashen bakin teku. Ina so bakansin bana, wato hutun makaranta, cikin watan Agusta, in sauka bakin teku. Ba fatauci zan je ba, ba biɗa ba, ganin ƙasa kawai. Shekara da shekaru ina zana wa yara taswira a allo, ina nuna musu Kwatano da Lome da Akara da bakin alli, ni kuwa ban taɓa wuce Gaya ba. Niyyata in shiga Benin, in ga Kwatano da Wida, in ratsa Togo, in da hali in kai har Kep Kos a Gana, sannan in juyo. Jaka ɗaya a baya, ba akwati. Abin da na tara jika 200 ne, wato sefa dubu 200, kun kuwa san yadda ɗan kwantiragi ke tara irin wannan. Kamar sati uku nake so in yi. Za su isa?

Alhaji Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Ɗana, mi kaka biɗa can? Mutum ya kwashi jika 200 tsakiyar damana, lokacin da gero ke jiran maimai, ya tahi kallon ruwa? Mu da munka tahi kurmi ba daɗi ya kai mu ba. A gama girbi a naɗe tabarma a tahi, ruwan hwari a komo. Ubana ya zauna Kumasi har 1969 da gwamnatin Busiya ta kori baƙi, da buta da bargo ya iso gida. Wanga yawo na jaka ga baya na Nasaru ne, su ad da kuɗɗin ɓatawa. Sayi tumaki biyu ka turke, kahin Layya ka gani.

Nafisa Yamai: Baba, da girmanka, malamin da ya ga teku da idonsa ba ɗaya yake da wanda ya karanta a littafi ba. Yaran ajinsa ma za su ci ribar tafiyar.

Alhaji Mai Albasa: Ɗiyata, yaran sun hi son ya biya bashin mai kanti ya shigo aji da hankali kwance.

Mushe Rabi'u: Baba Alhaji, babu mai bi na ko dala. Gonar kuma ƙannena na kanta.

Isuhu Direba: Ku bar mutum ya yi tafiyarsa. Mushe, hanya zan faɗa maka. Ba ruwanka da Yamai. Daga Tawa ka sauka Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, daga nan ka karkata kudu, kilomita wajen 150 ka shiga Gaya. Amma ka san gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Benin ta buɗe nata gefen a 2024 da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumi, namu gefen bai buɗe ba. Don haka kar, wato babbar motar fasinja, yakan sauke mutane a Gaya, a ƙetare kogi cikin jirgin ruwa, a shiga wani kar ɗin a Malanbil. Nan ne kuɗi ke zubewa ba ka sani ba: mai moto zuwa bakin ruwa, ɗan dako, mai jirgi, wani mai moton a can gefe. Kai da jaka ɗaya ka huta da ɗan dako. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne Agusta kogi cike yake. In ka ga jirgin da aka labta wa babura da buhuna har bakinsa na sumbatar ruwa, ka ja da baya ka jira na gaba, ko da za a ce maka matsoraci.

Bashir 227: Me zai hana ya bi ta Burkina ya faɗa Lome kai tsaye?

Isuhu Direba: Ta Torodi da Kancari da Fada? A wannan zamani? Ƙanena, manyan motoci ma sai da rakiyar soja suke ratsa Burkina, ta Tera da Dori, su yi kwanaki suna jiran a haɗa ayari. Wannan ba hanyar mai yawon buɗe ido ba ce. Akwai ta Najeriya, Ilela, Sakkwato, har Legas, a shiga Kwatano ta Seme, amma ta yi zagaye, ga canjin naira, ga shingaye. Ya bi ta Gaya. Sai dai tsakanin Malanbil da Kandi ya yi ta da rana, yankin yana kusa da dajin W, ba wurin tafiyar dare ba ne. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700.

Bashir 227: Wai duk laifin wa ne aka rufe gadar nan? Ni dai a ganina...

Mai kula da zaure: Bashir, tsaya nan. Maganar hanya ake yi, ba ta siyasa ba. Wanda ya sako ta zan goge.

Bashir 227: To na bari. Mushe, kwana kam ba matsala ba ne, kada ka sa shi cikin lissafi. Ko'ina ka sauka akwai zango. Zangon Kwatano, na Lome, Nima a Akara, duk ƴan gida ne. Ka ce daga Tawa kake, an gama, ga tabarma ga tuwo. Kuɗin mota kaɗai za ka kashe.

Sanusi Lome: Bashir, ka taɓa kwana a ɗakin ƴan biɗa? Ina tambaya ne don wannan magana taka ita ce ke sa mu cikin wahala, kuma ba mai iya faɗa. Bari ni in faɗa tunda a rubuce ne, ba ido da ido ba.

Ɗakin da muke haya mu da yawa ne a ciki, har sai an yi karɓa-karɓa. Masu gadi su kwana da rana, masu tallar shayi da masu tura baro su kwana da dare. Ruwan wanka da bokiti ake saye. Abincin dare karo-karo ne, kowa ya ajiye nasa da safe. In yaro ya zo daga ƙauye neman aiki, mukan karɓe shi da hannu biyu, mu ci da shi har ya samu abin yi, don mun san gobe shi ma zai sa nasa a tukunya, kuma uwarsa za ta ga saƙo. Haka aka yi mana, haka muke yi. Amma ma'aikaci mai albashi ya zo kallon gari, ya kwana sati, da safe ya saɓa jaka ya tafi ɗaukar hoto, da dare ya dawo ya tarar da tuwo? Wallahi ba wanda zai ce masa uffan. Za a ba shi wurin da ya fi iska, a saya masa ruwa, wani ma ya bar aikinsa ya raka shi kasuwa. Ya koma gida yana cewa tafiya ba ta da tsada. Tana da tsada, wani ne ya biya, kuma wanda ya biya ɗin bai kai shi samu ba.

Mushe, ba da kai nake ba, ban san ka ba. Da al'adar nake.

Bashir 227: Haba yaya Sanusi. Yanzu zumuncin ma sai an yi masa lissafi? Baƙonka fa annabinka.

Sanusi Lome: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam Habu: Ku duka biyu kuna da gaskiya, addini kuma ya riga ya raba wannan gardama. Liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Hadisin da ya faɗi wannan shi ne kuma ya hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Mutane sun riƙe rabin farko sun saki na biyu. Game da maganar Alhaji kuwa, tafiya don ganin ƙasa da halittar Allah ba ta Nasaru kaɗai ba ce. Kakanninmu sun taka har Gwanja sayen goro, wasu sun taka har Makka. Mushe, ka tuna kana da rangwamen ƙasaru muddin ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ɗaya ba.

Alhaji Mai Albasa: Malam, waɗanda sunka tahi Gwanja da goro sunka komo.

Hajiya Rakiya: Alhaji kai dai ba ka sakin magana. Rabi'u ɗana, saurara. Na daɗe ina bin hanyar nan sarin atamfa, tun Dantokpa har babbar kasuwar Lome. Zango ka je shi, amma ba don kwana ba. Can za ka ci abincin da hankalinka ya kwanta da shi, can za ka yi salla, can za a faɗa maka kuɗin mota na gaskiya da unguwar da ba a shiga bayan magariba. Wannan labarin ya fi tabarmar kyauta amfani. In kuma ka kwana wurin wani, dare ɗaya ko biyu, kada ka shiga hannu rabbana. Tafi da kilishi, da cuku, da busasshen zogale, abin da suke kewa. Da safe ka sa kuɗin cefane a hannun ƙaramin ɗakin, ba babban ba, babban zai ƙi karɓa.

Sauran kwanakin ka nemi ƙananan masaukai. Ɗaki mai fanka, ba mai na'urar sanyi ba. Ni nakan samu tsakanin jika 5 da jika 7 in na matsa daga bakin teku na shiga cikin unguwa. Ka duba ɗakin kafin ka biya, ka buɗe famfo ka gani, ka tambaya ko akwai mashaya a jikin gidan, in ba haka ba kiɗa zai hana ka barci har asuba.

Sanusi Lome: Hajiya ta gama magana. In haka ne, Mushe, ka zo, dare biyu a wuyana.

Mushe Rabi'u: Na gode yaya Sanusi, na kuma ji abin da ka faɗa. To amma in kwana zai ci jika 5 kowane dare, sati uku ya lashe rabin kuɗin ke nan. Sauran rabin mota zuwa da dawowa. Me zan ci?

Hajiya Rakiya: Yawwa, yanzu ka fara lissafi. Ko ka rage kwanaki, ko ka yanke Gana. Kuma kafin komai ka ware kuɗin komowa ka ɗinke su cikin wando, ka manta da su. Na ga samari a Kwatano suna bin ƴan gida ana haɗa musu kuɗin mota, abin ba kyan gani. Sauran kada ka riƙe su dunƙule, ka aika wa kanka ta kamfanonin aika kuɗi namu masu rassa a Kwatano da Lome, ka riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Sa'arka ɗaya, Benin da Togo sefa ɗinmu suke ci, ba canji.

Nafisa Yamai: Ni abin da ban yarda da shi ba a tsarin nan shi ne duk birane ne. Birni ke cin kuɗi. A Kwatano ko ina za ka sai ka hau zemijan, masu moton nan masu riga ruwan ɗorawa, kuma da sun ji Faransancinka sun san baƙo ne. Kwana biyu ya ishe ka: Dantokpa, gunkin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022, bakin ruwan Fijirose da yamma, shi ke nan. Abin kallo yana waje. A hanyarka ta sauka ka tsaya Paraku ka ci sakwara da wagashi, cukun Fulanin can. Ka tsaya Dasa ka hau duwatsu. Daga Kalabi ka shiga jirgi zuwa Ganbiye, garin da aka gina kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe. Mutanen sun shiga ruwan ne tun zamanin da mayaƙan Dahome ke farautar bayi, har yau kasuwarsu cikin jirage take ci, yaro ƙarami ma da nasa jirgin. Kada ka ɗauki jirgi kai kaɗai, ka jira wasu baƙi ku raba kuɗin.

Wida kilomita 40 ce kawai daga Kwatano. Akwai hanyar da aka riƙa bi da bayi daga cikin gari zuwa bakin teku, wajen kilomita 4, a ƙarshenta ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Da ƙafa ake jin wannan hanya, ba bisa moto ba, kuma ƙafa ba ta cin ko dala.

Isuhu Direba: Gyara ɗaya, ƙanwata. Dasa cikin Agusta Kiristoci ke yin babbar ziyararsu ta shekara a kogon Arigbo. In ya faɗa cikin kwanakin, ɗaki sai dai ya ji labari. Ya tambaya tun daga Paraku.

Bashir 227: A Wida ne ake rataya wa mutum mesa a wuya ko?

Nafisa Yamai: Nan ne, gidan mesa, yana kallon babbar coci. Ba dole ba ne.

Alhaji Mai Albasa: A'uzu billahi. Jika 200 don maciji ya hau ka.

Sanusi Lome: Baba ka sa ni dariya cikin mutane. Mushe, ta gefenmu kuwa, daga Wida ka wuce Giran Popo, ka ƙetare iyaka a Hilakonji, ka ratsa Aneho, ka shigo Lome. Gaɓar Togo gaba ɗaya ba ta kai kilomita 60 ba, kafin ka gyara zama an iso. Ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, Togo da Gana ba lokacinmu suke bi ba, kada sallarka ta rikice. Lome ma kada ka daɗe. Ka hau mota zuwa Palime, kilomita 120, ƙasar koko da kofi. Dutsen Agu yana nan kusa, shi ne mafi tsawo a Togo, mita 986, akwai ƙauyuka a jikinsa har kusa da ƙoli. Mutumin Adar in ya ga yadda ayaba da abokado ke zuba ƙasa ba mai ɗauka, sai ransa ya ɓaci. Can ɗaki ya fi arha, abinci ya fi arha, dare kuma da sanyi. Sai dai a ƙauyukan kudu ka tambayi naman da ke cikin miya kafin ka sa hannu, akwai alade, akwai naman daji. In ka yi shakka ka ce kifi.

Majo Zali: Tunda kowa ya faɗi nasa, ga na likita. Na farko teku. Ku mutanen tudu kuna ganin kun iya iyo don kun yi wanka a tafkin Tabalak. Tekun Kwatano da Giran Popo da Lome yana da igiyar da ke ja ta ƙasa, ruwa iya gwiwa ya kayar da ƙato ya tafi da shi. Masuntan da aka haifa a wurin ma suna jin tsoronsa. Ka jiƙa ƙafa, ka ɗanɗana gishirin in kana so, ka koma kan rairayi. Na biyu sauro. Ka tafi da sange naka, wato gidan sauro, marar nauyi, don ba kowane masauki ke da shi ba. In zazzaɓi ya kama ka, ka je a gwada jini a ranar, kada ka ce sai ka dawo gida. Na uku ruwan sha, ka sayi na leda ko na kwalba.

Mushe Rabi'u: Majo, ruwan sama fa? Kada in je in ƙare a ƙarƙashin rumfa.

Majo Zali: A nan ka dace. Bakin teku damana biyu gare su. Babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar wajen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta tsakani take, ruwa ya ɗan ɗauke, gari da sanyi-sanyi. Arewacin Benin ne za ka tarar da ruwa kamar namu, har ya fi.

Kabiru Nima: Na ga ana ta yanke Gana kamar ba kowa a nan. Ku ji dai. Lome da Aflawo a manne suke, da ƙafa za ka ƙetare. Daga nan Akara ba ta kai kilomita 200 ba, torotoro, ƙananan motocin haya, na tashi kowane lokaci. A Nima da Sabon Zango da Madina Hausa za ka yi ta yi, ka karya da koko da ƙosai, ka ci wace, shinkafa da wake irin nasu, da rana. Kep Kos kuma wajen kilomita 150 ce yamma da Akara, kusa da ita ga Elmina, gidan da Turawan Fotugal suka gina tun 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a sa su jirgi. Malamin makaranta ya zo har Lome bai ga wannan ba? Ga dajin Kakum da gadar igiya a saman itatuwa.

Amma ba zan ɓoye maka ba, Gana za ta ci kuɗinka. Sidi ake ci, farashinsa yau daban gobe daban, masu canji a Aflawo kuma hannunsu ya fi ido sauri, ka ƙirga a gabansu sau biyu. Wuraren tarihi kuɗin baƙo daban da na ɗan ƙasa. Faransanci ba ya aiki. Ko cajin salularka sai ka sayi wani kai, ramin wutarsu mai baki uku ne irin na Ingila.

Alhaji Mai Albasa: In dai har sai ka tahi, kuma na ga ba ka jin magana, to ga abu guda. Motocin albasa na tashi daga Galmi da Madawa har Akara. Tun 2021 anka tashe mu daga Agbogbuloshi anka kai mu Ajen Kotoku, bayan gari. In ka iso can ka ce kai ɗan Tawa ne, ka sha hura, ka ga inda albasarmu ka ƙarewa. Wannan ko ni na yarda ilimi ne.

Bashir 227: To ai shi ke nan, ya hau motar albasa kyauta!

Isuhu Direba: A'a. Motar kaya ba ta da ranar isa, tana iya kwana da kwanaki a iyaka ɗaya, bakansin ya ƙare yana kan buhu. Kuma fasinja a saman kaya shi jami'ai ke fara saukewa.

Kabiru Nima: Maganar jami'ai ta tuna mini. Takardunka su zama cikakku, kuma ka yi shiga mai kyau. A Mayun 2025 hukumar shige da fice ta nan ta kwashe mabarata baƙi daga titunan Akara ta mayar da su ƙasashensu, akasarinsu ƴan Nijar ne. Tun daga nan ana yi mana wani irin kallo. Mai tsohuwar jaka da silifa, ba takarda, ba wanda zai tsaya jin cewa malamin makaranta ne.

Mushe Rabi'u: Katin ɗan ƙasa gare ni, ba ni da fasfo. Tunda mun fita CEDEAO yana aiki kuwa?

Isuhu Direba: Fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar CEDEAO ta ba da sanarwar a ci gaba da barin mutanen Nijar da Mali da Burkina su shiga ba biza har sai an sake shawara. Da kati mutane ke shiga Benin da Togo. Gana kuwa sun fi tsanani, da fasfo hankalinka zai fi kwanciya. Ka riƙe takardar shaidar aikinka ma, tana rage tambaya. Ka yi hoton kowace takarda ka ajiye daban. Kuma duk wanda ya ba ka ƙunshi a tasha ya ce ka miƙa wa ɗan uwansa a gaba, in ba ka ga cikinsa da idonka ba, kada ka karɓa.

Mushe Rabi'u: To ga inda na tsaya. Bana Benin da Togo, sati biyu da ƴan kwanaki: Paraku, Dasa in ba ziyara, Kalabi da Ganbiye, Kwatano, Wida, Lome wurin yaya Sanusi dare biyu, Palime, in juyo. Gana sai na yi fasfo. Yaya Kabiru ka yi haƙuri.

Kabiru Nima: Ka zo har ƙofar gida ka juya. Ba komai, Elmina ba ta gudu.

Hajiya Rakiya: Kilishin Sanusi kada ka saye shi tun Tawa, damana ce, zai yi laushi a jaka. Ka naɗe shi cikin takarda, ba leda ba.

Majo Zali: Ba wanda ya ambaci katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Ana tambayarsa a iyakoki, wanda ba shi da shi kuwa nan ake tatsarsa. Allura ɗaya ce, tun 2016 kuma katin na har abada ne, ba a sabuntawa. Amma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. In farkon Agusta za ka tashi, ka je a yi maka cikin satin nan.

Mushe Rabi'u: An yi mini tun ina yaro, katin ne ban san inda tsohuwa ta ajiye shi ba.

Majo Zali: Jami'in iyaka ba tsohuwa zai tambaya ba. Ka zo ranar Litinin da safe, ka taho da katin ɗan ƙasarka.